Ranar da Bala ya Juya Jiniya

Ranar Laraba ce, cikin damina. An kwana ana yayyafi, gari ya waye da ɗan sanyi. Bayan sallar asuba na hura gawayi na ɗora ruwan koko. Maigidana, Malam Sale, yana zaune a bakin ƙofa yana ɗinke wa autarmu Zainab takalminta da ya tsinke. A ɗakin da ke jikin namu Maman Rahila tana faɗa da kajinta, kamar kullum. Mun shiga mako na huɗu muna yajin aiki, gero ya kusa ƙarewa a buhu, amma na tashi da farin ciki. An gaya mana ranar za a gama komai.

Kamfanin matsar man gyaɗa ne, can bayan tashar jirgin ƙasa ta Bauchi. Ba zan faɗi sunansa ba, wanda ya sani ya sani. Ni ina cikin mata masu tsince tsakuwa da ɓawo daga gyaɗa. Malam yana kan babban injin matsa tun kamfanin yana hannun gwamnati. A kwatas ɗin ma'aikata muke zaune, ɗakuna ne layi-layi a jikin katangar kamfani. A nan na haifi 'ya'yana duka, a nan na aurar da biyu.

Injin nan ne ya cinye kunnuwan Malam. A hankali abin ya zo, har ya kai sai ka tsaya a gabansa ya kalli bakinka kafin ya gane magana. Ko tsawa aka yi, sai dai ya ji ta a ƙirjinsa. Ni na zama kunnensa. In an kira salla, in taɓa kafaɗarsa sau ɗaya. In jiniyar kamfani ta yi kuka, in taɓa sau biyu. Yakan ce da ya san haka zai ƙare da rediyo ya aura ya huta da cefane, ni kuma in ce masa rediyo ba ta tuƙa tuwo.

Da aka sayar da kamfanin, sababbin masu shi suka mayar da mu 'yan wucin gadi, mu da muka tsufa a ciki. Babu hutu, babu asibiti. Mace ta je haihuwa ta dawo ta tarar da wata a kan tabarmarta. Da inji ya guntule wa wani magidanci hannu, a bakin get aka sallame shi da jinin da komai. Wannan ne ya sa muka ajiye aiki.

Malam ɗan ƙungiya ne tun daga gida. Mahaifinsa leburan reluwe ne, kuma da labarinsa ya tashi, labarin zamanin da shugaban ma'aikata ke shiga kurkuku tare da mutanensa, su ci gabza a kwano ɗaya. A wurin Malam, in shugaban ƙungiya ya yi magana an gama. Kullum maganarsa ita ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shugabanmu shi ne Kwamared Bala. Da gajeren wando ya zo kamfanin, Malam ne ya koya masa riƙe sifana. Tuwon gidanmu ya ci har ya yi aure, kuma ni na kai masa lefe. Baba yake kiran Malam, ni kuma Inna. Allah ya ba shi baki. In ya hau kan durom yana magana, sai ka ga ƙato yana share hawaye da hula.

Jiniyar kamfanin tsohuwa ce, tana can saman tankin ruwa a cikin get. Sai an zura mata wani hannu na ƙarfe an juya take kuka. Ita ke tashinmu, ita ke sallamarmu, yaran kwatas ma da ita suke sanin lokacin makaranta. Wanda ya shekara yana jin ta, ƙafarsa ce ke amsawa kafin kansa ya yi tunani. Ranar da muka fara yaji Bala ya hau tankin ya zare hannun, ya sauko ya ɗaga shi a gaban kowa. Ya ce jiniya ba za ta ƙara kiran kowa bauta ba. Ya ce ranar da muka sake jin kukanta ranar nasara ce, kuma shi da kansa zai juya ta. Muka yi ta tafi. Tun daga ranar hannun jiniya yana gidansa.

Ana gobe abin zai faru, da la'asar, ya zo ɗakinmu. Ya zauna a tabarma suka ci ɗanwake da Malam. Da ya wanke hannu ya durƙusa a gabansa yana buɗe baki sosai don ya gane. "Baba, an daidaita. Gobe in jiniya ta yi kuka ku fito." Ya juyo wurina. "Inna, kowa ya sa shuɗin kakinsa na aiki, don 'yan jarida su san ma'aikaci. Ku fito har da yara." Haka ya bi ɗaki-ɗaki. Na wanke kakin Malam, na goge shi da dutsen guga na gawayi har ya yi kari.

To, ranar Laraba, ƙarfe bakwai saura kwata, Maman Rahila ta leƙo ɗakina. Ta ce, "Maman Zainab, mota na 'yan sanda ya tafi fa. Abin nan bai kwanta mini ba." Motar tana bakin get tun farkon yaji, ba ta taɓa motsawa ba. Na ce mata ai tunda an daidaita me za su zauna yi. Ta koma ta ɗaura ɗankwalinta.

Ƙarfe bakwai daidai jiniya ta yi kuka. Na ajiye ludayi. Na taɓa kafaɗar Malam sau biyu. Ya ɗago ya kalle ni, idonsa ya ciko, ya ce, "Alhamdu lillahi. Yaron nan ya cika ɗa." Bai shanye kokonsa ba. Ya sa kaki, ya gyara hula, ya fita yana ɗaure maɓallin wuya.

Kwatas gaba ɗaya ya fito. Maza a gaba cikin shuɗi, mata a baya muna guɗa, yara suna tsalle. Hanya ɗaya ce ke zuwa get ɗin daga babban titi, kuma a nan ta ƙare. Hagu katanga, dama wani dogon ramin ruwa mai zurfi. Aka ce dattawa su wuce gaba, girmansu ne. Malam ya tsaya a sahun farko, fuskarsa dab da ƙarfen get. Mu mata muka tsaya a gefe, ƙarƙashin bishiyar maina, a bakin ramin. Ina riƙe da hannun Zainab.

Get a rufe yake. Na ɗaga kai na ga Bala a saman tanki, yana ta juya jiniya. Farar shadda ce a jikinsa, ba kaki ba. Yana ciki, mu muna waje. Na waiga ban ga ɗan jarida ko ɗaya ba. Mata kuwa suna ta guɗa.

A al'ada jiniya ba ta wuce minti ɗaya. Amma a ranar ba ta tsaya ba. Yana juyawa, yana canza hannu, yana juyawa. Daga baya na gane dalili. Kukanta ne ya hana mu jin motocin.

Tifa biyu ne. Ta bayanmu suka shigo, suka tare hanya a gicciye. Samari suka dinga dirowa, 'yan sara-suka, da adduna da gorori, wasu da galan a hannu. Sai jiniya ta tsaya. A cikin shirun nan na ji ana jan adda a kan kwalta. Wani ya yi ihu, "Duk mai shuɗi!" Daga cikinmu wani ya ce, "Ku gudu!"

Taro ya fashe. Maza suna faɗawa rami, wasu suna kama katanga, mata suna jan yara. Kafin ka ce kwabo gaban get ya zama fili. Mutum ɗaya ya rage. Malam yana tsaye inda yake, hannuwansa a baya, kamar yadda yake tsayawa a layin safe. Ya ɗaga kai yana kallon Bala, yana jiran a buɗe.

Wannan wurin nake so wanda bai je ba ya ji da kyau. Bala ya san Malam ba ya ji. Ya fi kowa sani, tunda jiya-jiya ya durƙusa a gabansa yana buɗe masa baki. Yana sama, yana ganin abin da ke tahowa ta bayansa. Idonsu ya haɗu, na gani. Hannu kawai zai ɗaga ya nuna masa baya. Sai ya zare hannun jiniya, ya juya, ya fara sauka ta tsani.

Na ƙwala kira, "Malam! Malam!" Na san ba zai ji ba, amma na kira. Na yunƙura zan je, Zainab ta ƙanƙame ƙafata. Na cire takalmina na dama na jefe shi da shi. Ya same shi a gadon baya. Ya juyo gefena, ba gefensu ba. Ya gan ni, ya yi murmushi, ya ɗauka wasa nake don murna. Ya sunkuya zai ɗauko mini takalmin.

Na ga gora ta ɗaga. Ban ga saukarta ba. Maman Rahila ta fizgo ni ta baya muka faɗa ramin mu uku. Ruwan ya kai mana cinya. Na yi ƙoƙarin hawa ta danne ni, ta ce, "Yarinya! Ki duba yarinya!" Na goya Zainab duk da ta wuce goyo, muka bi cikin ramin a sunkuye. A samanmu ana ta gudu, ana sara, ana salati.

Wajen bakwai da rabi muka ɓullo ta bayan kwatas. Samarin sun riga mu isa. Suna bin ɗakuna suna watso kaya waje, suna cewa, "Ku fita! Ku bar musu gidansu!" Wani yana bin layi da galan yana yayyafa fetur. Duk wanda suka gani da shuɗi suna binsa. Maza suna tuɓe kaki suna gudu da singileti. Lungunmu cike yake da shuɗɗan riguna a cikin taɓo. Na yage tawa na jefar, Maman Rahila ta kwance zaninta na sama ta rufa mini.

Mun wuce ta ƙofar ɗakina. Gawayi yana nan da wuta, kofin Malam yana nan da sauran koko, takalmin Zainab da allura a jiki. Ban ɗauki komai ba. Maman Rahila ta tsaya tana kallon kajinta, na ja ta. Akwai wani wuri a katangar baya da ruwa ya rushe, ta nan muka fita cikin gonar masara.

Masarar ta fi mu tsawo. Muka kwanta a kunya, na toshe bakin Zainab da hannu. Muna jin kwanon rufi yana fashewa a wuta. Muna jin wata mata tana kiran sunan ɗanta, ta kira, ta kira, har muryarta ta dushe. Hayaƙi ya biyo mu cikin gona, warin katifa da warin roba. Ba mu ji jiniyar 'yan sanda ba, ba mu ji ta 'yan kwana-kwana ba. Zainab ta zame hannuna ta ce, "Ina Baba?" Na ce mata yana zuwa.

Ba ƙarya nake nufin yi mata ba. Tun farkon yaji Malam ya ce in wani abu ya raba mu, mu haɗu a shagon yayana, Yaya Ado, tela ne a unguwar Wunti. Na ce a raina Malam mutum ne mai ƙashi, ya sha faɗowa daga kan inji ya tashi. Na ce wataƙila sun buge shi sun wuce. Wannan tunanin ne ya ɗaga ni daga kunyar nan, wajen ƙarfe tara, da ihu ya lafa.

Muka bi tsohon layin dogo muka nufi gari. Tsakuwar layin ta farfasa mini ƙafa. Takalmin hagu yana hannuna, ban sa ba, ban kuma yar ba. A hanya muka tarar da wasu 'yan kwatas. Wani ya ɗaure damtsensa da hula, jini yana bin yatsunsa. Duk wanda muka cim ma sai na tambaye shi ko ya ga Malam Sale, sai ya girgiza kai, ko ya kawar da ido.

Ƙarfe goma ta wuce muka fito babban titi. Gari bai san komai ba. Mai shayi yana soya ƙwai, 'yan makaranta suna sayen gyaɗa, babura suna ta hon. Masu keke-napep biyu suka tsaya, suka ga taɓo da jini a jikinmu, suka ja. Na uku dattijo ne, bai tambaye mu komai ba, ya ce mu shiga. Maman Rahila ta ce ita Yelwa za ta, wurin ƙanwarta. Na ce ga zaninki, ta ce in riƙe. Shekara da shekaru muna katanga ɗaya da ita, a bakin titin nan muka rabu, ko sallamar kirki ba mu yi ba.

Yaya Ado yana ganina ya saki keken ɗinki. Na ce, "Malam ya iso?" Ya ce a'a. Na zauna a kan benci a ƙofar shago na ƙi shiga ciki. Wunti cike da mutane. Duk wanda ya ɓullo da shuɗin kaya sai na miƙe. Aka kawo mini ruwa na wanke ƙafa, aka ba Zainab abinci ta yi barci a kan tarin yadi.

Da azahar rediyon shagon ya yi labarai. Aka ce ma'aikatan wani kamfani sun yi faɗa a tsakaninsu har sun ƙona gidajensu. Sai aka sa muryar shugaban ƙungiya. Bala ne. Muryarsa a kwance, irin wadda yake cewa Inna a ƙaro miya. Ya ce wasu ɓata-gari ne a cikin ma'aikata suka ƙi sulhu. Ya ce ƙungiya ba ta tare da su. Yaya Ado ya miƙa hannu ya kashe. Har zuwa lokacin ban yi kuka ba, a nan na yi. Ba kukan tsoro ba ne, kukan baƙin ciki ne, na wanda aka ci amanarsa da tuwonsa a ciki.

Bayan la'asar Yaya Ado ya ce zama ba namu ba ne, muka tafi asibiti. Mutanenmu suna kwance a baranda, wasu a ƙasa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina duba fuska. Wani abokin aikin Malam, Iliya, kansa naɗe da bandeji, ya gan ni ya taso. Ya wuce gaba muka bi shi zuwa wani ɗaki a baya.

Malam yana kwance a kan siminti, an rufa masa zani. Da aka yaye, ban fara kallon fuskarsa ba. Hannun rigar na kalla. Karin gugar da na yi yana nan. Iliya ya ce shi da wani ne suka ɗauko shi a baro bayan samarin sun tafi. Ya sa hannu a aljihu ya ciro takalmina na dama ya miƙo mini. Ya ce, "A hannunsa muka same shi, Inna. Allah ya ba ki haƙuri."

Washegari aka yi masa sutura daga gidan Yaya Ado. Mutum uku muka rasa a ranar, duk dattawan sahun gaba ne. Ba a kama kowa ba. Kafin damina ta fita an ture abin da ya rage na kwatas, an zagaye wurin da waya. Ɗan kwangila ya kawo sababbin leburori daga ƙauye. Ƙungiya ta mutu ba a ko yi mata jana'iza ba. Bala yanzu shi ne manajan ma'aikata, yana da mota da direba.

Bai zo gaisuwa ba. Ranar sadakar uku ya aiko direbansa da buhun shinkafa da jarkar mai, man kamfanin. Na ce a mayar masa, a gaya masa Inna ta ce ta ƙoshi. Mata suka yi ta ba ni baki, wai a bar wa Allah. Na bar wa Allah, amma ban yafe ba, kuma ba na ɓoyewa. Samarin nan ba na ma tuna fuskokinsu. Haya aka yi su, ba su san sunan Malam ba, ba su san ba ya ji ba.

Yanzu muna wani ɗaki a bayan shagon, ni da Zainab. Ina ɗinka maɓalli ina cire zare, da safe ina soya ƙosai a bakin layi. Ba mu fito da komai daga kwatas ba, ko hoton Malam babu. Takalman nan biyu suna ƙarƙashin gado, ban ƙara sa su ba. Zanin Maman Rahila yana wurina, har yau ba mu haɗu ba.

An ce sun sa wa jiniyar lantarki, ba a juya ta da hannu yanzu. Daga Wunti ba kullum ake jin ta ba. Amma in an kwana ana ruwa, gari ya yi shiru, iska ta taso daga can, tana isowa ƙarfe bakwai, can ƙasa-ƙasa. Ina zaune gaban kasko sai hannuna ya tashi da kansa. Yawanci Zainab ce a kusa, tana shirin makaranta, sai ya sauka a kafaɗarta sau biyu. Da farko takan juyo ta ce, "Na'am, Inna?" Yanzu ta daina juyowa.